Shekarar Da Yaya Rabe Ya Ƙi Rubutawa A Gindin Kofi

Da saukar ruwan bana Yaya Rabe ya cika shekara tara a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ne ƙanensa Tukur, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Ban saba rubuta irin wannan ba. Shekarun da suka wuce, in lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa, in sa a soya waina a raba wa maƙwabta, in koma in zauna. Bana ne aka zo har gida aka tono mini wata tsohuwar magana da na ɗauka mun binne ta tare da shi. Shi ya sa na ɗauki biro, ga ido ya fara gazawa, ga ni ni ma na gaji.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Rabe maƙerin fari ne a nan Dutsin-Ma. Ba ya ƙera garma ko gatari. Aikinsa azurfa da tagulla, awarwaro da 'yan kunne, sai liƙin buta in ta huje. Bai taɓa zama ajin boko ba ko na yini ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a manyan makarantun garin nan a zamaninsa ya san rumfarsa, saboda kofi.

Kofin ya girmi jami'a nesa ba kusa ba. Tun lokacin da kwalejin malamai ce kaɗai babbar makaranta a nan, ɗalibai suka tsiri gasa a tsakaninsu, ba aji da aji ba, gari da gari. 'Yan asalin Dutsin-Ma ƙungiya guda, 'yan Kurfi ƙungiya guda, haka sauran garuruwan da ke kewaye da mu. Wani malami ne ya zo da kofin daga tafiya, na farin ƙarfe mai hannu biyu, hannu ɗaya ma a lanƙwashe ya iso. Aka kai wa Yaya ya miƙe shi. Da ya gama sai ya ce abin da mutane za su yi ta karya ƙafa a kansa bai kamata ya zauna ba mazauni ba. Ya sa masassaƙi ya yi masa gindi da itacen maɗaci, kamar ƙaramin turmi a kife. Daga nan al'ada ta kafu. Duk shekara waɗanda suka ci sai su ɗauko kofin da kiɗa da ihu har rumfarsa, ya yanki tagulla mai faɗin yatsa biyu, ya zana sunan garin da na kyaftin, ya kafa ta a gindin da 'yan ƙusoshi huɗu. Da jami'a ta zo, ɗalibanta suka shigo gasar, suka tarar da al'adar suka bi. Kafin ya rasu tagulla ta zagaye gindin nan sau biyu, ta fara hawa na uku.

Tunda bai san boko ba, kyaftin ɗin da ya ci shi ke rubuta masa sunayen a takarda da manyan baƙaƙe, shi kuma ya kwaikwaya kamar mai zanen ƙwarya. Yana da sunan da ya raɗa wa kowane harafi: wannan mai ciki biyu, wancan mai ƙafa ɗaya, wancan tsani. Ɗalibai su yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Kuma har yau ban ga malamin da rubutunsa ya kai nasa miƙewa ba, har da ni da na yi shekara talatin da biyar ina rubutu a allo.

A hawa na farko, in ka juya gindin kaɗan, akwai tagulla ɗaya da babu komai a kanta. Ƙusoshinta huɗu cif, amma fili fetal. Wannan tawa ce.

Shekarata ta ƙarshe ce a kwaleji, ni ne kyaftin ɗin 'yan Dutsin-Ma, kuma mun kai wasan ƙarshe, mu da 'yan Kurfi. Kyaftin ɗinsu Lawal Dogo ne, ɗan wani ƙauye a wajen Birchi, mai tsaron baya wanda in ka wuce shi sau ɗaya sai ka yi mako kana ba da labari. Da bazara ya kamata a yi wasan, amma jarrabawa ta sa aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har ya faɗo bakin damina. Ga shi shekarar ruwa ya yi jinkiri. An fita roƙon ruwa har sau biyu, kowa irinsa na ajiye, kullum ido na gabas. Ranar wasan, da asuba, sama ta ɓalle. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi.

Wanda bai tashi a gidan noma ba zai yi wuya ya gane abin da ya biyo baya. Ruwan shuka, in an daɗe ana jiransa, yini ɗaya ne ko biyu kafin rana ta shanye laimar. Kafin azahar ɗakunan kwanan ɗalibai sun zama wayam. Bakwai daga cikin 'yan wasan Kurfi suka hau kekuna da bayan akori-kura suka nufi gida, Lawal a gaba. Ya bar saƙo wajen kwamitin gasa cewa a yi musu haƙuri kwana uku. Kwamiti ya ce an riga an kafa rumfuna, an jera kujeru, manyan baƙi suna hanya.

Mu ma muna da gona, ta mahaifinmu, a hanyar Kuki. Baba ya riga ya rasu, Yaya ke riƙe da gidan, shi ke riƙe da ni. Da hantsin nan ya tsaya a ƙofar ɗakina, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Ya ce, "Tukur, taso mu tahi. Ni in sara, kai ka bi ka binne." Na ce masa yau nake da wasa. Ya dube ni, ya dubi takalman ƙwallon da nake gogewa, ya wuce. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na gaba yana sara da sungumi, ɗaya na baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Wanda ya yi shi kaɗai sai ya sare layi, ya ajiye sungumi, ya dawo ya bi da iri. Kowane layi tafiya biyu ke nan.

Da la'asar muka shiga fili mu sha ɗaya cikin rigunanmu. 'Yan Kurfi huɗun da suka rage suka tsaya can gefe suna kallon ƙasa. Alƙalin wasa ya jira abin da ya jira, ya busa usur, na tura ƙwallo a hankali har cikin ragar da ba kowa, ya sake busawa. Wasan ke nan. Manyan baƙi suka tafa, aka miƙo mini kofi na ɗaga sama, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina.

Muka ɗauko shi da kalangu zuwa rumfar Yaya, rana ta yi ja. Dawowarsa ke nan daga gona, yana zaune kan kututture yana kankare laka daga ƙafarsa da kara. Na miƙa masa takardata. Tun mako guda kafin wasan na rubuta ta, na sake rubutawa, don baƙaƙen su fito sosai.

Bai karɓa ba. Ya ce, "Wa kuka ci?"

Na ce, "'Yan Kurfi, Yaya."

"Nawa da nawa?"

"Ba su zo ba. Doka ta ba mu."

Ya ce, "To doka ta rubuta maku. Ni abin da aka buga nika rubutawa. Ku bari su gama shuka ku buga. In kun ci, ko da azurfa kake so sai in yi maka."

Mai kalangu ya daina kiɗa. A gaban abokaina kaf, a gaban yaran unguwa, ya tashi ya yanki tagulla, ya kafa ta da ƙusoshi huɗu, ya ce ga wurin shekarar nan ya ajiye, ba wanda zai shigar mata. Ya miƙo mini kofin ya tafi alwala.

Bayan kwana huɗu Lawal ya dawo makaranta, tafin hannunsa duk kanta. Ya same ni a bakin aji ya ce mu buga, ko ba baƙi, ko ba rumfa, alƙali da ƙwallo sun isa. Na ce an riga an gama, ni ba ni da ikon warware abin da kwamiti ya ƙulla. Wannan ita ce amsar da na ba shi, ita na ba Yaya, ita na yi ta ba kaina. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba sai a wannan shafin ita ce tsoro nake ji. Sun fi mu, kowa ya sani, ni ma na sani.

Abin da na yi daga baya ma ya fi ban kunya. Kofin yakan zauna hannun waɗanda suka ci har shekara ta zagayo, don haka na kai shi wajen mai rubuta allunan shaguna, ya rubuta mini sunan Dutsin-Ma da nawa a kan tagullar da jan fenti. Na manta al'adar Yaya ce, kafin kowace gasa, a kawo masa kofin ya goge shi da toka da lemun tsami. Fenti ya bi ruwa. Kusan shekara uku ban zauna a rumfarsa ba, gaisuwa ma a tsaye nake yi in wuce. Kuma duk wannan fushin a gidansa nake yin sa, da tuwonsa a cikina. Shekarar wasan nan ruwa ya ɗauke da wuri, waɗanda suka shuka a ruwan farko su ne suka ga amfani. Geron da na yi ta ci ina kumbure-kumbure, wanda ya shuka shi kaɗai ran nan ne.

Daga baya abin ya huce kamar yadda fushin 'yan'uwa ke hucewa, ba don an zauna an yi magana ba, sai don aure da haihuwa da jana'iza sun yi ta haɗa mu. Na koma zama rumfarsa da yamma, muna hirar duniya. Sau da yawa kofin na gabanmu yana jiran aiki. Ni ban taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka, har ciwon da ya kwantar da shi ya tafi da shi.

Da ya rasu ba a samu mai zanen ba. 'Ya'yansa ba wanda ya gaji maƙera, babban yana gyaran waya a birni. Masu gasa suka sayo sabon kofi, dogo mai ruwan zinariya, mai ƙyalli, wanda in ka ɗaga sai ka ji kamar ka ɗaga gwangwanin madara. Takarda mai gam ake liƙa masa duk shekara, a ɓanɓare ta bara a liƙa ta bana. Tsohon kuwa matar Yaya ta naɗe shi a zane, tare da 'yar gudumarsa da ƙarafan da yake zane da su, ta aiko mini. Ta ce ni na fi kowa sanin abin. Ban san ko ta san abin da ta faɗa ba. Shekara tara yana ƙarƙashin gadona.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yanzu. Sabon kofin ba zai dame shi ba, zai ƙwanƙwasa shi da farce ne kawai ya ajiye. Samarin da ke raba gari da gardama kan ƙungiyoyin Turai, waɗanda ba su san ko ta ina garuruwansu suke ba, dariya za su ba shi. Abin da ban san yadda zan yi masa bayani ba shi ne gona. Ta yaya zan ce masa gonar Baba tana nan, ba a sayar ba, ba a ƙwace ba, amma ba mai zuwa saboda 'yan bindiga? Ta yaya zan ce masa yanzu in hadari ya haɗu, mutum yakan yi murna rabi, rabin kuma ya tsaya tambayar ko hanya lafiya? Mun gaji da jaje, mun gaji da jin an ce an kusa shawo kan abin. Wani lokaci nakan ce gara da Allah ya ɗauke shi kafin wannan, sai kuma in yi istigfari.

Watan jiya wani matashin lakcara, Malam Bishir, wanda ke kula da gasar yanzu, ya yi sallama a ƙofar gidana. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa. Ya ce ya ji tsohon kofin na wurina, yana so a fito da shi ranar wasan ƙarshe na bana, a karanta wa ɗalibai tarihinsa. Na jawo masa shi. Ya yi ta juyawa yana karanta sunaye, har ya iso kan wadda ba komai. Ashe ya riga ya bincika tsofaffin takardu. Ya ce, "Baba, ai wannan shekarar ku kuka ci, kuma kai ne kyaftin. Wannan haƙƙinka ne. Akwai inji a Katsina, kafin ka sha ruwa ya zana, ba mai gane ba hannun marigayi ba ne."

In na ce zuciyata ba ta yi tsalle ba na yi ƙarya. Tsoho da furfura, da gwiwar da ba ta son sanyi, amma sai na ji ni a filin nan da kofi a sama. Jikokina ba su yarda na taɓa buga ƙwallo ba, in na faɗa sai su dubi tumbina su ƙyalƙyale. Ga dama ta zo har gida, ga wanda zai hana ba ya nan. Na ce wa Malam Bishir ya ba ni mako guda.

Mako ya kusa ƙarewa ban yanke komai ba, sai na sa kofin a buhu na hau mota zuwa Kurfi. Na ji labari Lawal ya baro ƙauyensu da iyalinsa, yana zaune a ɗaki ɗaya a gidan wani ƙanensa. Ranar ma da asuba an yi ruwa, ruwan shuka sosai, ƙasa sai ƙamshi. Na same shi a gindin darbejiya, ya miƙe dogayen ƙafafun nan a kan tabarma. A tsallaken hanya, a filin firamare, wasu samari majiya ƙarfi suna buga ƙwallo cikin taɓo.

Da ya gane ni sai ya ce, "Kyaftin! Ka zo a buga wasan ne? Ka makara, gwiwa ta tahi." Muka yi dariya har da tari, irin ta tsofaffi. Na kwance buhu na miƙa masa. Ashe bai taɓa riƙe kofin nan ba. Ya auna nauyinsa, ya juya gindin, babban yatsansa ya tsaya a kan tagullar da ba rubutu. Na gaya masa abin da Malam Bishir ya ce, na kuma gaya masa abin da ya sa na ƙi a sake wasa. Na ɗauka zai yi mamaki.

Ya ce, "Ai na sani tun ran nan. Ka rubuta mana, Malam Tukur, mi za ya rage ni da shi? Ni ban taɓa jin haushin kofin ga ba. Naka na ji, kwana biyu, ya wuce."

Sai ya ɗaga haɓa ya nuna filin. "Ka ga waɗancan? Biyu daga ciki nawa ne. Ruwa ya sauka da asuba, ga su nan suna ƙwallo. Ba lalaci ba ne, ni na hana su. Gonar na nan, na san kowace kunya tata, damina ukku ban taka ta ba." Ya miƙo mini kofin da hannu biyu. "Da za a ce mani yau ga kofi ga sungumi, ka san wanda zan ɗauka. Sai dai yanzu ba mai tambayata."

Muka zauna muna kallon yaran har aka kira azahar.

Da na dawo na kira Malam Bishir na ce ya zo ya ɗauki kofin, amma tagullar a bar ta yadda take. Ya ce to in ɗalibai suka tambaya me zai ce musu? Na ce ya gaya musu shekarar nan ruwa ya sauka ranar wasa, 'yan Kurfi suka tafi shuka, kyaftin ɗin Dutsin-Ma ya ƙi bin yayansa gona, ya kuma ƙi yarda a sake wasa. In yana son faɗin sunana, a nan zai faɗa. Ya yi ta sosa ƙeya yana cewa Baba abin bai kai haka ba. Na ce masa ya kai.

To me ya rage na Yaya Rabe bayan shekara tara? Rumfarsa ta zama shagon cajin waya. Awarwaron da ya ƙera, na tabbata da yawa an narkar. Sunayen da ya zana a gindin kofin nan, wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun zama manya ba su ma tuna sun taɓa gudu a fili ba. Cikin duk aikin hannunsa, wanda har yau ke tsayar da mutum ya yi tambaya shi ne wanda ya ƙi yi. Mutumin da bai iya karanta abin da yake zanawa ba, amma bai yarda ya zana abin da bai faru ba, ko don ƙanensa.

Jiya na zauna na goge kofin da toka da lemun tsami, yadda yake yi, kafin a zo ɗauka. Ina gogewa na gane ba tagullar ce ke cina ba duk shekarun nan. Layukan nan ne da ya sare, ya dawo ya bi shi kaɗai, tafiya biyu-biyu, tun hantsi har rana ta yi ja. Yau da zai tsaya a ƙofar ɗakina da sungumi a kafaɗa ya ce in taso, wallahi da gwiwar nan zan tashi in ɗauki ƙwaryar irin in bi bayansa. Amma babu shi, kuma babu hanyar gonar.

Allah ya jiƙan Yaya Rabe, ya yafe mini abin da ban nemi yafiyarsa a kai ba. Allah ya sa Lawal ya taka gonarsa kafin ya bi Yaya.